WASAN DA YA SA NA NEMI GAFARAR YAYATA

A wannan fitowar ba labarin soyayya na zo maku da shi ba, don haka masu jiran ci gaban labari sai ku yi mini afuwa. Magana ce a kan wani wasan kwamfuta, irin wanda yaranmu ke kira gem, da kuma wani ciwo da ke cin mutane a cikin ɗaki ba tare da ya bar tabo a jiki ba, wato ciwon damuwa.

Na san wata za ta ce, yau kuma me ya haɗa marubuciya da wasan yara? Wallahi ni ma da haka na ɗauke shi. A sanina gem bai wuce ƙwallo da tseren mota da harbe-harbe ba, abin da ke hana yaro zuwa aike ke nan. Rannan ina zaune ina gyaran wani littafina, sai autanmu ya shigo da kwamfutarsa ya ajiye a gabana ya ce, "Anti, ke da kike son labari, ga wani labari nan da ke ce za ki zaɓi yadda zai tafi."

Na ce, "Kai Auta, rabu da ni da shiriritarka, aiki nake yi."

Ya ce, "Don Allah Anti ki gwada na minti goma kawai."

Minti goman da ban tashi ba ke nan sai da aka kira magariba, kuma na tashi idona cike da hawaye.

WASAN DA BABU DARIYA A CIKINSA

Sunan wasan Depression Quest, ma'ana tafiya cikin ciwon damuwa. Mutum biyu ne suka rubuta shi, Zoë Quinn da Patrick Lindsey, wani mai suna Isaac Schankler ya yi masa kiɗa. Ya fito a intanet ranar 14 ga Fabrairu, 2013, ranar da Turawa ke kira ta masoya. Su biyun da suka rubuta shi duk sun yi fama da wannan ciwo, saboda haka ba labarin ƙanzon kurege suka bayar ba, mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo. Tun a shafin farko sun gargaɗi mai wasa cewa kada ya sa ran nishaɗi, kuma sun faɗi nufinsu guda biyu: mai ciwon ya san ba shi kaɗai ba ne, wanda ba shi da ciwon kuma ya ɗanɗana yadda abin yake.

Babu bindiga a ciki, babu gudu, babu tsalle. Rubutu ne zalla cikin Turanci, sama da kalmomi dubu 40, kusan tsawon ɗan madaidaicin littafi, sai 'yan hotuna da wani kiɗa mai sanyi. Ke mai wasa ke ce jarumin labarin, wani matashi ɗan shekara ashirin da 'yan kai wanda ba a ba shi suna ba. Yana da aikin yi ko da yake ba ya jin daɗinsa, yana da budurwa mai suna Alex wadda ke ƙaunarsa, yana da uwa da uba da wa mai suna Malcolm wanda komai nasa ke tafiya daidai. A ido dai babu abin da ya rasa. To amma fa tashi daga kan gado ma aiki ne a wurinsa.

Kowane shafi zai ba ki labarin wani yanayi, daga ƙasa kuma a jero maki abubuwan da za ki iya yi, ki danna ɗaya labari ya ci gaba. Alal misali, Alex ta kira tana so ku je wani biki na ƙawayenta. Ga zaɓi nan an jero, na farkonsu shi ne ki kakkaɓe wannan kasalar ki shirya ki je ki sha dariya da mutane. Duk mai hankali shi zai zaɓa. Ni ma shi na kai hannu zan danna, sai na ga an rubuta shi da ja an kuma ja masa layi a tsakiya, an soke shi. Na danna, shiru. Na sake dannawa, shiru. Na ce, "Auta, kwamfutarka ta lalace."

Ya yi murmushi ya ce, "Lafiyarta ƙalau Anti, haka aka yi shi."

Abin da ya rage mini shi ne ko in je bikin ina jan ƙafa in rakuɓe a lungu, ko in yi mata ƙaryar ba ni da lafiya. Haka wasan yake tun daga farko har ƙarshe. Shawarar da ta fi kowace kyau tana nan a gabanki, kina ganinta, kina karanta ta, kin san ita ce daidai, amma hannunki ba zai kai gare ta ba. Idan kuma ciwon ya ƙara nauyi, sai layukan da aka soke su ƙaru, har ki zo shafin da zaɓi ɗaya tak ya rage maki, shi ma ba mai daɗi ba. Hotunan su riƙa dusashewa kamar talabijin ɗin da eriyarsa ta karkace, kiɗan ma ya riƙa sarƙewa.

A can ƙasan kowane shafi akwai layi uku da ke gaya maki halin da kike ciki: nauyin ciwon a yanzu, ko kina ganin likita, ko kina shan magani. Waɗannan ukun su ne ke buɗe ƙofa ko su rufe ta. Akwai inda wata tsohuwar ƙawa za ta lura da halin da jarumin yake ciki, ta aiko masa da hanyar samun likita. Akwai inda abokin aiki zai yi masa tayin 'yar kyanwa ya riƙa kiwo. Akwai inda mahaifiyarsa za ta zo ta tambaye shi abin da ke damunsa, in ya daure ya faɗa, sai ta nuna masa ai gyara tunani kawai zai yi komai ya wuce. Ba don ba ta son ɗanta ba, iyakar abin da ta sani ke nan. In kika lallaɓa kika kai shi wurin likita, ya jure zuwa, ya jure magani, a hankali za ki ga layukan da aka soke sun fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙarshen labarin kala biyar ne, kuma ko a mafi kyawunsu ba a ce ya warke sarai an yi biki ba, an dai nuna ya samu sauƙi, ya san ciwonsa, ya san yadda zai bi da ranakun da abin zai motsa.

ABIN DA YA SA NI KUKA

Shekara uku da suka wuce Yayata ta haifi ɗanta na biyu. An yi suna lafiya, an sha shagali, maigidanta ya yi bajinta daidai ƙarfinsa. Ba a yi arba'in ba sai Yaya ta canza. Mace mai tsafta da kwalliya ta koma sai an yi da gaske take wanka. A kawo kunun kanwa ya huce a inda aka ajiye shi. Jariri na tsala kuka tana kallonsa kamar ɗan maƙwabta, in an yi magana sai hawaye. Dare ba barci, rana ba magana. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce hannu aka sa mata, wasu suka ce shagwaɓa ce kawai irin ta matan zamani.

Ni kuwa da nake ganin na yi boko har ina rubuta littafi, sai na zauna a bakin gadonta na ce, "Haba Yaya, ke kuwa me kika rasa? Ga miji, ga 'ya'ya, ga rufin asiri. Mata nawa ke neman haihuwa ido rufe? Ki tashi ki yi wanka ki ci abinci ki gode wa Allah mana."

Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Na sani, ƙanwata. Duk na sani." Ta juya ta fuskanci bango.

A lokacin haushi na ji, na ɗauka taurin kai ne. Sai ranar da na zauna gaban wannan wasa ina danna layin da aka soke yana ƙin dannuwa, sannan na gane ma'anar "na sani" ɗin nan tata. Duk abin da na lissafa mata tana ganinsa, rubuce yake a gabanta, an dai ja masa jan layi ne. Ni kuma na zo ina karanta mata shi da ƙarfi kamar ba ta iya karatu ba, na ƙara mata da laifin rashin godiya a kan ciwon da take ciki. Allah Ya saka wa maigidanta da alheri, shi ne ya toshe kunnensa ya kai ta asibiti, aka ɗora ta a kan magani, ana yi ana haɗawa da addu'a, cikin 'yan watanni Yaya ta dawo Yayarmu. A daren da na gama wasan na kira ta na ce ta yafe mini. Ta yi dariya ta ce ita ta ma manta. Ni dai ban manta ba.

Mu marubuta ma muna da namu kason laifin. Sau nawa muka rubuta jaruma ta kulle kanta a ɗaki, ta daina ci ta daina sha, ta rame ta lalace saboda an raba ta da masoyinta, sannan ranar da ya dawo ta miƙe garau kamar an cire ƙaya? Mun koya wa masu karatu cewa duk baƙin ciki yana da dalilin da ake gani, kuma da an kawar da dalilin shi ke nan. Ciwon damuwa ba ya bin wannan ƙa'ida. Yakan zo bayan rashi ko saki ko talauci ko haihuwa, yakan kuma zo wa wadda ba ta rasa komai ba.

Likitoci sun ce ana zarginsa ne idan mutum ya kai mako biyu ko fiye, kusan kullum, cikin ƙuncin rai ko kuma abubuwan da yake so da can sun daina yi masa daɗi, tare da alamu irin su rashin barci ko yawansa, canjin cin abinci, kasala, kasa tattara hankali, ganin kai ba a bakin komai ba, har da tunanin gara mutuwa. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan miliyan 280 ne ke ɗauke da shi a duniya, ta ce ya fi yawa a mata da kusan kashi 50 cikin ɗari a kan maza, kuma sama da kashi 10 cikin ɗari na masu ciki da masu jego suna fama da shi. Ke nan a duk gidan suna goma da kika je, da wuya a rasa mai jego ɗaya da ke murmushin dole.

Shi kansa wasan bai sha da daɗi ba. Ranar 11 ga Agusta, 2014 aka sa shi a babbar kasuwar wasanni ta intanet mai suna Steam, a ranar ce kuma labari ya ɓulla cewa shahararren ɗan wasan barkwancin Amurka, Robin Williams, ya rasu ta hanyar kashe kansa, mutumin da ya shekara da shekaru yana sa duniya dariya. An bar wasan kyauta ga duk mai so, wanda ya ga dama ya biya abin da ya sawwaƙa, ana ba da wani kaso ga layin wayar agajin masu tunanin kashe kansu a Amurka. Duk da haka wasu 'yan gem suka yi ca a kan Quinn, suna cewa wannan ai ba wasa ba ne, abin ya haɗu da wasu ƙazafe-ƙazafe ya zama zagi da barazanar kisa, har sai da zaman gida ya gagari Quinn a wannan shekarar. Kun ji fa, a ƙasar da ake ganin an waye.

WANDA LIKITOCI SUKA ƘERA

Da na nuna sha'awa, sai Auta ya ce ai akwai wanda ma likitoci ne da kansu suka yi shi. Sunansa SPARX, daga Jami'ar Auckland ta ƙasar Niyu Zilan, ƙarƙashin jagorancin wata likitar ƙwaƙwalwar yara da matasa, Farfesa Sally Merry. Shi wannan ya fi kama da gem ɗin da yara suka sani. Yaro zai zaɓi jaruminsa ya shiga wata duniyar tatsuniya da duhu ya mamaye, ya bi larduna bakwai, kowanne kamar rabin awa. Abokan gabarsa wasu baƙaƙen abubuwa ne masu shawagi, waɗanda ke wakiltar munanan tunanin da ke faɗo wa mutum ba sallama, irin su "ni ba ni da amfani" ko "kowa ya tsane ni". A hanya ana koya masa yadda zai ja numfashi ya kwantar da hankalinsa, yadda zai warware matsala daki-daki, yadda zai kama mugun tunani ya tambaye shi hujja, da kuma lokacin da ya kamata ya nemi taimakon babba. Darussan da ƙwararru ke koyarwa a ɗakin ganin likita ne aka zuba su cikin wasa.

Ba su tsaya a nan ba, sai da suka gwada shi. A shekarar 2012 mujallar likitoci ta Ingila mai suna BMJ ta buga sakamakon gwajin da aka yi da matasa 187, 'yan shekara 12 zuwa 19, waɗanda suka je neman taimako a kan damuwa. Aka raba su biyu, rabi suka yi wasan, rabi aka ba su kulawar da aka saba, wadda galibi zama ne da mai ba da shawara ido da ido. Da aka auna, wasan bai gaza kulawar da aka saba ba. Wajen waɗanda alamun ciwon suka kau kuwa, an samu kusan kashi 44 cikin ɗari a ɓangaren masu wasan, kashi 26 a ɗaya ɓangaren. A 2014 gwamnatin ƙasar ta buɗe shi kyauta a intanet ga matasanta. Sai dai a lura, yaran da aka gwada masu ƙaramin ciwo ne zuwa matsakaici, ba a sa waɗanda abin ya yi wa tsanani ko ake tsoron za su cutar da kansu ba.

Akwai kuma Celeste, wanda Maddy Thorson da abokan aikinta suka fitar a 2018 daga Kanada. Labarin wata budurwa ce mai suna Madeline da ta ƙudiri aniyar hawa wani dogon dutse alhali tana fama da damuwa da fargaba. A kan hanya wani ɓangare na zuciyarta ya fito a siffarta, yana binta yana gaya mata ba za ta iya ba. Ta yi ta gudunsa, ta yi ƙoƙarin yar da shi, abin ya ƙara jefa ta rami. Ba ta kai ƙololuwa ba sai da ta tsaya ta saurare shi suka tafi tare. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda numfashinta ya sarƙe don tsoro, abokin tafiyarta Theo bai ce mata ta daina ba, sai ya ce ta rufe ido ta ƙaddara akwai gashin tsuntsu a gabanta, ta riƙa numfashi a hankali don kada ya faɗi. Ke mai wasa ke ce za ki riƙe gashin nan da hannunki har ta samu natsuwa. Wasan ya ci kyauta a bikin karrama wasanni na wannan shekarar a rukunin wasanni masu tasiri a rayuwar jama'a.

KADA A FAHIMCE NI A BAIBAI

Ban ce a saya wa mai ciwon damuwa gem a ce an yi magani ba. Depression Quest ma bai ce shi magani ne ba, labarin mutum ɗaya ya bayar, wanda ke da aiki da likita a kusa da kuɗin ganinsa, abin da miliyoyin masu ciwon ba su da shi. Kuma wadda ke tsakiyar ciwon, musamman mai tunanin cutar da kanta, ban ba ta shawarar ta buɗe shi ba, domin zai iya fama mata miki. Masu lafiya ne ya kamata su yi shi, miji da uwa da ƙanwa irina. Haka nan yawan gem shi ma yana iya zama ciwo, tunda a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sa jarabar wasan gem cikin kundin cututtukanta. Idan kin ga ɗanki ya kulle kansa da waya dare da rana, ya bar abokai, ya bar karatu, ya bar abinci, kafin ki ƙwace wayar ki fasa, zauna ki tambaye shi abin da yake gudu.

Abin da ni dai na tsinta shi ne, littafi yakan ba ki labarin mai ciwo ki tausaya masa, fim yakan nuna maki hawayensa, shi kuwa wannan wasa ɗaure maki hannu ya yi na awa ɗaya ya ce to bismilla, tashi ki yi wankan. Jiki magayi. Tun daga ranar na daina cewa "ki daure" da "me kika rasa". Yanzu abin da nake cewa shi ne, "Na ga kina shan wahala, me zan ɗauke maki yau?" In wanki ne in yi, in rainon yaro ne in karɓa, in shiru take so mu yi shirun tare. In abin ya wuce mako biyu kuma, ko ta fara zancen mutuwa ko da cikin wasa ne, to ba a kwana, sai asibiti. Ana iya farawa da likitan asibitin da ke kusa, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato da Dawanau a Kano. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace, kamar yadda zuwa asibitin ido ba ya nufin an makance.

Ke kuma 'yar'uwa da kike karanta wannan a kwance, kina jin kamar da ke nake, ki sani ba lalaci ba ne, ba kuma rashin godiya ba ne, ciwo ne mai suna kuma mai magani. Ki samu mutum ɗaya da kika yarda da shi ki gaya masa, ko da wannan shafin za ki miƙa masa ki ce ya karanta.

Yaya ta ba ni izini kafin in rubuta labarinta, ta ce in dai zai sa a kai wata asibiti da wuri to in rubuta. Ɗan nata yanzu ya shiga makarantar rainon yara, surutu kamar aku. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya ba mu haƙurin zama da su. Ci gaban labarinmu yana nan tafe a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum.